Bilkis Ba Ta Tuba Ba

Bilkis 'yar Malam Iro tela, ta unguwar Kumbiya-Kumbiya, tun tana ƙarama ba a tanƙwara ta. An so ta karanta aikin jinya, ta kafe sai kimiyya. Da ta gama, ta samu koyarwa a wata makarantar kuɗi a Tudun Wada, kuma tana son aikin nan kamar ranta.

Abin da ya ja mata magana shi ne kwamfutarta. Ta shiga sahun masu taya masana tantance hotunan sararin sama. A cikin hotunan akwai wasu garkunan taurari masu dishi-dishi, sun baje har ana hango abin da ke bayansu. A jikinsu akwai ɗigo-ɗigo masu haske, kowane ɗigo dunƙulen taurari ne dubbai. Bilkis takan zauna a tsakar gida da la'asar tana ƙirga ɗigo-ɗigon a kwamfutar, domin yawansu na nuna nauyin wani abu da ido ba ya gani, wanda ya riƙe garken bai watse ba.

Rannan maƙwabciyarta Ladi mai awara ta leƙo, ta ji Bilkis tana zancen taurari da abin da ba a gani. Washegari sai ga ta da goro.

"Malama, a duba mini tauraron kasuwata."

Bilkis ta yi dariya ta sallame ta. Ladi kuwa ta ɗauka rowa ce, ta baza a unguwa wai Malama na duba. Kafin wata ya ƙare, iyayen yara sun cika ofishin mai makarantar, Alhaji Yuguda, wai ana koya wa 'ya'yansu duba. Mutanenmu ke nan, a ji ba a tambaya ba, a yanke hukunci.

Alhaji ya kira ta gefe. "'Yata, ni na san ba duba kike yi ba. Ki tsaya gabansu ki ce kin tuba, shi ke nan. Ki ci gaba da abinki a ɗaki. In ba haka ba, ba ni da yadda zan riƙe ki."

Ranar taron iyayen, ajin ya cika maƙil, kowa ya zuba mata ido. Ta ji tsoro, kuma ta ji haushi, haushin ya fi yawa. In ta ce ta tuba, ta yarda ke nan duk abin da ta koya wa yaran nan tsafi ne.

"Ba ni da abin tuba a nan," in ji ta. "Halittar Allah nake kallo. Abin da na koya wa 'ya'yanku gaskiya ne, kada kowa ya sa su ji kunyarsa."

Ta ajiye wa Alhaji makullin ɗakin gwaji a kan tebur, ta ratsa tsakiyarsu kanta a sama. Ba ta waiwaya ba har ta kai bakin titi.