Darussan da Wayata Ta Iya Ɗauka

A shekarar da na fara koyarwa a Islamiyyar matan aure ta unguwarmu a Isa, wata abokiyar karatuna ta nuna mini wani shafin intanet mai ba da darussa kyauta. Bidiyo ne gajeru da Turanci, malami yana magana a hankali yana zane a allo. Bayan Azahar, idan gida ya yi shiru, nakan zauna bakin rumbu, inda sabis ya fi kamawa, in kalli abin da ya samu. Na taɓa na lissafi, na taɓa na kiwon kaji, amma na kula da lafiyar jarirai ya fi shiga raina.

Ana cikin girbin gero saƙo ya shigo: daga ƙarshen wata za a cire darussan kyauta daga shafin. Na karanta, na sake karantawa. Ban ma kai rabin na jariran ba.

Mahaifina malami ne, yana karantar da magidanta fiƙihu a zaure. Ya shigo alwalar La'asar ya iske ni zaune da waya a hannu.

"Lahiya, ɗiyata? Tun ɗazu kike kallon wanga abu."

"Baba, karatun da nike yi za a ɗauke."

"Wa za ya ɗauke shi?"

"Masu shi."

Ya aje butarsa ya zauna kan turmi. Ya ce lokacin da yake saurayi, wani malami matafiyi daga wajen Madawa ya yi damina a gidanmu, yana da wani littafi da babu irinsa a garin. Ya ba su aro har ranar da zai tashi. Baba da wansa suka riƙa kwafa da alƙalami da tawada, wannan ya gaji wancan ya karɓa, amma baƙon ya tafi ba su kai babin ƙarshe ba.

"Amma fa mun nemi izininshi," in ji shi. "Ke sun yarje maki?"

Na duba saƙon. A ƙasa sun rubuta cewa mai so yana iya sauke darussan ya ajiye don karatun kansa. Na fassara masa.

"To, ki kama aiki. Zama bai kwafa littafi."

Aikin bai zo da sauƙi ba. Sabis ɗin gidanmu yakan yi ta juyi kafin bidiyo ɗaya ya sauka, wayata kuma ta cika. Yayana, wanda ke cin kasuwar Bafarawa da sayen hatsi, ya cire memorin wayarsa ya ba ni, ya ce in zo shagonsa kusa da tasha, can sabis ya fi ƙarfi. Haka na riƙa zuwa da hantsi, in zauna daga ciki tsakanin buhunan dawa, wayar tana bisa buhu, ina jin ana ciniki a waje. Idan caji ya ƙare, ya kai ta wurin mai sola.

Da na ga ba za su shiga duka ba, sai na zaɓa. Na bar lissafi, tunda akwai littattafansa a gari. Na sauke na jarirai gaba ɗaya, sannan na koma kan na kaji. Ranar ƙarshe sabis ya ɗauke tun kafin Azahar, bai dawo ba sai washegari. Na kajin ya tsaya daidai inda malamin zai fara bayanin rigakafi. Na buɗe shafin na iske wurin fayau. Raina ya ɗan sosu, na kashe wayar na taya Inna sussuka.

Ran Alhamis ba mu da makaranta, sai na fara kiran ɗalibaina gida. In kunna bidiyo, in tsayar, in faɗa da Hausa. Wata rana wata baƙuwa daga Tozai, da ta zo wankan jego gidan iyayenta, ta biyo su. Darasin ranar kan gudawar yara ne: yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari, da alamun da in an gani ba a jira, sai asibiti. Da aka tashi ta tsaya.

"Malama, ni ban jin Turanci, kuma jibi za ni gida. Ki faɗi wanga bayani da bakinki cikin wayata."

Na ji nauyi, don ni ba ma'aikaciyar lafiya ba ce. Na ce ta ba ni zuwa gobe. Na ɗauki muryata, na kai wa wata nas a asibitin garinmu ta saurara. Ta gyara mini wasu wurare, na sake ɗauka, na tura wa baƙuwar. Daga baya na yi wasu, kan shayarwa da zazzaɓi, duk sai nas ɗin ta ji tukuna.

Da rani muka je suna Gangara, wajen dangin Inna. Ina zaune cikin mata ana jiran tuwo, sai na ji muryata tana fitowa daga wayar wata dattijuwa da ban taɓa gani ba. Ta ga ina kallonta, ta matso da wayar kusa da kunnena.

"Saurara, ɗiyata, kina da ƙuruciya, za ya yi maki amfani. Wata likita ce, an ce daga Sakkwato take."

Inna ta dube ni, ta kau da kai tana danne dariya. Na ce wa dattijuwar ba likita ba ce, malamar Islamiyya ce, amma nas ta duba maganar.

"Kin san ta?"

"Na san ta."

"To, in kin gan ta ki ce ta rage sauri. Wurin gishirin sai na maimaita."

Na ce za ni gaya mata. Aka kawo tuwo, muka sa hannu kwano ɗaya.