Allurar da Ƙa'idata Ta Lanƙwasa

A shekarun da arzikin mai ya cika ofisoshi da tafireta, ni ne babban akawu a wani ofis a Tambuwal. Makarantar mishan na yi, inda ɗigon tawada guda kan sa a sake rubuta shafi, kuma haka na tafiyar da aikina. Kafin a tashi, sai an goge kowace tafireta an lulluɓe ta. Har yau ina kewar ƙararsu da hantsi, kamar yayyafi a kan kwano.

Bayan shekaru aka kawo mana kwamfuta da firinta. Na shimfiɗa musu doka irin tawa: da an tashi aiki, a zare kowace waya, a naɗe ta, a kulle a kabad. Aka damƙa na'urorin ga mai buga mana takardu, wani magidanci mutumin Kebbe, wanda ya yi ɗan kwas a Sakkwato.

Wata Litinin firinta ta ƙi bugawa. Shugabanmu bai bincika ba, ya hau mai bugun da faɗa.

"Kai ka dagula mata furogiram. In ba ta yi aiki kafin Juma'a ba, gadin sito zan mai da kai."

"Ranka shi daɗe, wallahi abin da nika yi kullum shi na yi," in ji bawan Allah.

Ban san furogiram ba, amma malaminmu na kimiyya ya koya mana cewa mai neman laifi abu ɗaya yake sauyawa, ya bar sauran yadda suke. Na tambayi mai bugun ko firintar tana iya bugu ita kaɗai, ba da umarnin kwamfuta ba.

"Tana iyawa, Yallaɓai, in an danne maɓalli sannan a kunna ta."

Ya danna. Ta fitar da haruffa shafi guda, tsaf. Ke nan jikinta lafiya lau. Na hana shi taɓa komai a cikin kwamfutar, na aro waya daga ofishin maƙwabtanmu, muka haɗa. Nan take ta buga. Da a ce furogiram ne ya lalace, sabuwar waya ba za ta warkar da shi ba.

Na sa tabarau na duba bakin tsohuwar wayar. A cikin 'yan allurorin da ke jere, ɗaya ta kwanta. Zarewa da sokawa na kullum ne suka lanƙwasa ta.

Ya leƙo, ya yi gyaran murya. "Ashe ita ba ta son kwanan kabad, Yallaɓai."

Ban yi dariya ba. Na zauna na rubuta wa shugaba cewa laifin na dokata ne, ba na ma'aikaci ba, kuma na soke ta daga ranar. Mai bugun namu shi ya buga takardar, a kan kujerarsa, da firintar nan. Na ga ya tsallake waƙafi a layi na uku, na sa ya sake.