Ɗigon da Ya Daina Zafi

Ranar wata Talata ce, kasuwar Mafara tana ci, shekara ta biyu da fara sako ruwan Bakolori cikin kanal ɗin da ya ratsa bayan garinmu, Baba ya sauko daga motar Sakkwato da wata 'yar kwalba ƙulle a bakin rawaninsa. Shekaruna tara ko goma, ba wanda ya rubuta. Idonsa na hagu ya riga ya mutu tun bara, ba ja, ba kwantsa, haka kawai ya dushe. A asibiti aka ce masa hawan jinin ido ne, ruwan cikin idon ke matse jijiya, abin da ya tafi ba ya dawowa, maganin kuma saura kawai yake tsarewa. Ya zaunar da ni a zaure ya ce, "Mamman, hannunka bai rawa. Asuba, azahar, lisha, ɗigo guda-guda. In ka mance, kai za ka ja ni da sanda."

Daga ranar nan ban sake zama wuri ɗaya da hankali kwance ba. Kwalbar tana naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma a gindin randar Inna, ni kuma duk inda nake kunnena na wurin ladan. Ina gonar shinkafa ina jan igiyar gwangwanaye don korar tsuntsaye, da an kira azahar sai in saki igiya in sheƙa gida, tsuntsaye su ci rabonsu. Ana langa a filin makaranta, ƙafata ɗaya a hannu, sai in sake ta in gudu, yara na yi mini ihu. Baba yakan kwanta a tabarma ya ɗora kai a cinyata, in ja fatar idon ƙasa in ɗiga. Sai ya cije haƙora, ya ce zafin har cikin gira, can kuma ya ji ɗaci a maƙogwaro ya tofar. Wannan zafi da ɗaci su ne shaidarsa cewa magani na aiki.

Da damina ta ja baya sai ciwon idon nan da ake kira Afolo ya shigo gari. Kowane gida ka leƙa idanu jawur, har malaminmu ya rufe aji. Mutane kuma sun san akwai maganin asibiti a gidanmu. A wurinmu ba a hana mutum magani, kamar yadda ba a hana shi garwashin wuta ko ruwan sha. Wadda ta fara zuwa Inna Kulu ce, tsohuwar maƙwabciyarmu, cikin mutanen Maradun da ruwan dam ya cinye wa gonaki. Baba ya ce, "Ɗiga mata, ɗigo guda bai ƙare kwalba." Na ɗiga. Ta yi ta sa mini albarka har ƙofar gida.

Daɗin albarkar nan ya ɗauke ni. Na riƙa sace kwalbar a aljihu ina fita da ita bakin kanal, inda muke iyo. Yara su yi layi, har da waɗanda suka girme ni, suna ce mini Likita. Mai tallan albasa daga Birnin Tudu na ɗiga masa, wani makiyayi da ya kawo shanu shan ruwa na ɗiga masa. Ban san maganin ba na ciwonsu ba ne. Kwalbar da aka ce za ta kai wata, kwana goma sha na ɗaga ta a rana na ga saura kaɗan a gindi. Na kewaya gida ya fi sau biyar, sannan na faki idon Inna tana surfe, na ɗebi ruwan randa da ludayi na cika ta.

Da azahar na ɗiga wa Baba, ya ƙifta ido. Ya ce, "Ka ji ikon Allah, yau babu zafi. Ido ya saba." Bayan kwana uku ya fara gaya wa mutane a masallaci cewa ya samu sauƙi. Ranar komawa asibiti ta zo daidai da yankan shinkafa, ya ce ga kwalba ba ta ƙare ba, ga ido ya huce, me zai kai shi Sakkwato. Ni ina tsaye ina ji. Kullum sai in ce gobe zan faɗa, kullum sai in ƙara ruwa. Abinci ya daina shiga mini, Inna ta yi ta ba ni jiƙon sabara tana cewa ciwon shawara ne.

Wajen wata huɗu aka yi haka. Baba ya fara tuntuɓe da turmi, ya fara juya kai gaba ɗaya kafin ya ga mai gaishe shi ta gefe. Rannan muna dawowa daga gona ya taka gefen kanal ya faɗa ciki, da rana tsaka. Kawuna ya kai shi asibiti. Suka dawo da sabuwar kwalba, amma abin da ya rage masa na gani kamar mai leƙe ta cikin kara ne, kafin shekara biyu shi ma ya rufe. Na bar makaranta a aji huɗu, na riƙe sandar.

Sai da na yi aure na gaya masa. Ya ce, "Ni na ce ka ɗiga ma Kulu." Bai sake ta da maganar ba har ya rasu.

Yanzu ni ma ciwon ya same ni, an ce yana bin jini. Kanal ɗin ya cika da ciyawa, randar Inna ta fashe tuntuni, magani kuma har a Bakura ana samu. Kwalbata tana aljihun gaba, ba na ba kowa, an ce na yi rowa, na ji. 'Yata Hauwa ta sha cewa in kawo ta ɗiga mini, na ƙi. Da kaina nake ɗigawa, in rufe ido in jira. Sai na ji zafin nan sannan nake iya tashi.