Mazarin Iya da Motar Ƙwai

Tun ina ƙarama ba a san ni da zama wuri ɗaya ba. Sunana Binta, amma a gidanmu na Samaru kakarmu Iya Dije ba ta taɓa kirana da shi ba, sai dai Mazari. Wai tunda take kaɗi ba ta ga abin da ya kamo ƙafata wajen juyi ba sai shi.

Iya zare take yi wa masaƙa. Da an sauke tuwo bayan magariba sai ta jawo kujerarta kusa da murhu, inda sauran garwashi ke ja, ta ajiye audugarta a gefe, ta dangwali alli da yatsu biyu ta murza mazari. Mu kuma mu kewaye ta, ni da yayata Asabe da 'ya'yan masu haya a ɗakunan waje. Ba ta buɗe tatsuniya yadda kowa ke buɗewa. Cewa take yi ga wata baƙuwa ta iso, ta sha tafiya, mu kuma mu haɗa baki mu ce a shimfiɗa mata tabarma. Har yau in na ji ƙamshin itacen darbejiya a wuta, muryarta nake ji.

Akwai wadda ta fi maimaitawa, ta wata yarinya Lantana da ta gaji mazari a wurin uwarta. Mazari ne na kirki, in yana juyi sai ka rantse a tsaye yake. Masaƙin garin ya ce ta kawo masa zare kafin ranar kasuwa, in ta saɓa zai koma wa wata. Ana haka mazari ya kama rawa, zare na tsinkewa. Lantana ta ce laifin auduga ne, ta sayar da kazarta ta sayo wata. Rawa na nan. Ta ce fatar da mazarin ke juyi a kai ce ta tsufa, ta sayar da akuyarta. Rawa na nan. Har ta ce ƙasan ɗakin ne ya karkace, ta sa aka fasa daɓe aka sake. Da kasuwa ta rage kwana ɗaya, sai ta ɗauki mazarin ta nufi wata makauniyar tsohuwa a bayan gari. Iya takan rage murya a nan, ta yi maganar tsohuwar a hankali:

"Zauna, 'yar nan. Murza in ji."

A daidai nan nake tashi, kullum. Ko in ji tafin 'yan gaɗa a waje, ko ƙishirwa ta taso mini, ko kawai ƙafafuna su gaji da lanƙwasa. Iya ta bi ni da kira, "Mazari, saura kaɗan fa." In ce ina zuwa. Ban taɓa dawowa ba. Ta rasu ina aji biyu a sakandare, na yi kuka har na gode Allah, amma ko sau ɗaya ban tuna da Lantana ba.

Yanzu na haura arba'in. Ina kiwon kaji a Shika, ina da wata tsohuwar akori-kura da nake tuƙawa da kaina in kai ƙwai Sabon Gari. Rabin ƙwan da kajina ke yi mace ɗaya ke ɗauka, Madam Esta mai gidan burodi. Da cinikinta nake sayen abincin kaji, su kuwa kaji ba su san uzuri ba, gari na wayewa baki a buɗe.

Bara da damina motar ta fara rawa. Da na wuce Samaru na taka ta kai sittin, sai ta kama karkarwa har haƙorana su riƙa haɗuwa. In na isa, kowane kiret sai an tsinci fasasshe huɗu ko biyar. Madam Esta ta yi haƙuri sau biyu. A na uku ta gaya mini ba tare da faɗa ba cewa kayan Litinin in suka zo haka, za ta nemi wani.

Ni kuwa ba na zuwa gareji da tambaya, da umarni nake zuwa. Na ce wa mai gyaran taya ya yi mini balansin, ya yi. Rawa na nan. Na sayi sababbin tayoyin gaba guda biyu. Rawa na nan. Na je wurin makanikena a Palladan na ce ya canza robobin da inji ke zaune a kansu. Ya buɗe baki zai yi magana, na ce motata ce ko tasa? Ya canza. A mako uku na zubar da kuɗin da zai ciyar da kajina wata guda, barci ya ƙaurace mini, na koma yi wa 'ya'yana tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Tsoro nake ji, gaskiya, tsoron in wayi gari ina sayar da kajin ɗaya bayan ɗaya.

Ranar Asabar, saura kwana biyu, Asabe ta tura ni wurin wani dattijo a Sabon Gari, Baba Yohanna. Na same shi a ƙarƙashin rumfar kwano yana wanke wani ƙarfe da kananzir. Kafin ya gama amsa gaisuwa na fara lissafa masa abin da zai canza, wannan karon giya gaba ɗaya na nufa. Bai ko buɗe bonet ba. Ya goge hannu, ya zagaya ya shiga gefen mai zaman banza, ya nuna mini kujerata.

"Zauna, Hajiya. Ja mu ji."

Na tuna makauniyar tatsuniyar Iya. Na zauna.

Muka hau titin Samaru. Da rawar ta fara sai ya ɗora tafin hannu a kan sitiyari, ya ɗauke, ya sunkuya ya ɗora a ƙasa tsakanin kujeru. Ya ce in cire giya in bar ta tana gudu da kanta. Rawar ba ta daina ba. Muka tsaya ya sa na taka totur a tsaye, shiru kake ji. Sau huɗu muna zuwa muna dawowa, ni ina kallon allurar mai ina tafasa, shi ko a jikinsa. Sannan ya yi mini bayani kamar mai koya wa jikarsa. In tayar gaba ce, a sitiyari ake ji. In inji ne, ko a tsaye zai yi. Wannan daga ƙarƙashin kujera take tasowa, kuma gudu take bi, don haka farfela ce, dogon ƙarfen nan da ke kai juyi daga giya zuwa tayoyin baya. Sai ya tambaye ni wa ya taɓa ƙasan motar na ƙarshe.

Na ce an canza kuloci wata biyu da suka wuce.

Ya ce farfelar gaɓa biyu ce. Duk mai raba ta sai ya fara ja mata layi da alli, don ta koma daidai yadda ta fito. In aka mayar da ita a goce ko da haƙori ɗaya ne, za ta yi ta fisgar kanta.

A nan kunya ta rufe ni, domin na tuna ranar sarai. Makaniken Palladan yana ta laluben alli a akwatinsa, ni ina tsaye a kansa da makulli a hannu, na ce masa ya bar zancen alli, ai ba makaranta muke ba. Na gaya wa Baba Yohanna haka. Bai yi dariya ba, wanda ya fi dariyar zafi.

Ya kwance farfelar, ya juya gaɓoɓin har kunnuwansu suka daidaita, ya canza ɗan kuros ɗin mahaɗa guda da fisgar ta cinye. Kafin ya ɗaura sai ya ja mata farin layi, ya miƙo mini guntun allin ya ce in ajiye a mota. Kaya da ladan aiki duka ba su kai kuɗin kiret huɗu ba.

Ranar Litinin Madam Esta ta bi kiret ɗin ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Babu ko tsaga. Ta ce in ƙaro mata kiret goma ranar Alhamis.

Na koma mota ban tayar ba. Allin na nan kusa da giya, irin wanda Iya ke dangwala. Shekara talatin ina ɗauke da rabin labari, na kuma bi sawun Lantana taki ɗaya bayan ɗaya, kaza da akuya da daɓe, ban gane hanyar ba. Sai na ji ina son sauran, so mai tsanani. Na kira Asabe a waya na ce don Allah ta gaya mini abin da makauniyar nan ta gano a mazarin, tunda ita takan zauna har ƙarshe.

Ta ce, "Ai babu wanda ya sani, Binta. Kina tashi Iya take tsayawa. Mu yi ta roƙonta, ta ce a'a, mai tatsuniyar ta fita, a jira ta dawo."

Masu a-daidaita-sahu suna ta danna mini oda a baya, na tare musu hanya. Ban motsa ba.