Takalmin Auta Mai Kuka

Da kunne Mai Kitso take rainon 'ya'yanta, domin idanu da hannu suna kan kawunan mutane tun safe. Shagonta ɗaki ne a ƙasan bene, ƙofar baya na fita tsakar gida, inda 'yan haya ke jera bokitan ruwa. Maigidanta direban babbar mota ne, ya fi kwana a hanya. Ga kwanika: Yaya ba ta gama wayo ba aka haifi Auta, yanzu kuma wani cikin ya fito.

Da Auta ya fara tafiya, sai ta saya masa takalmin nan mai kuka in an taka. Cuwi-cuwi ta hagu, yana wajen madubi. Ta dama, ya nufi ƙofa, sai ta daka masa tsawa ko ɗagowa ba ta yi ba.

Ran nan tana yi wa wata malamar makaranta kitso, malamar ta ce, "Maman Auta, ƙarar nan ba ta hawar miki kai?"

"Ai ranar da ta yi shiru kaina zai yi ciwo, Malama. Sunkuya."

Takalmin na ta kuka a bayan labule, ita kuma tana ta tsaga. Can sai yatsunta suka tsaya. Tafiyar Auta tangaɗi ce, ya taka, ya faɗi, ya tashi. Wannan ƙarar kuwa daga wuri ɗaya take fitowa, ba tuntuɓe.

Ta yaye labule. Yaya ce zaune, ta zura hannuwa cikin takalman tana tafi.

"Ina ƙaninki?"

"Aro ya ba ni, Mama."

Ƙofar baya a buɗe. Da gudu ta fita, cikin na rinjayar ta. Bokitin farko, ruwa kawai. Na biyu ma haka. A babban na ƙarshe ta hango tafin ƙafa biyu a sama, suna motsi da ƙyar.

Ta fizgo shi, ta kifa shi a cinya tana bubbuga bayansa. Shiru. Malama na tsaye da rabin kitso tana salati. Sai ga ruwa ta baki da hanci, Auta ya tsala ihu.

Ba ta taɓa Yaya ba. Ta dai bi maƙwabta ɗaki-ɗaki har kowane bokiti ya sami murfi, ta juya kujerar kitso ta fuskanci ƙofar baya. Masu zuwa na ƙorafin hannunta ya rage sauri.

"Ya rage," in ji ta. "Sunkuya."