Kunne na Biyu

Garzali direba ne a wani kamfanin jigila a Doha, mutumin Funtuwa, yana zaune a wani ɗan ɗaki a Al Muntazah. Sauran 'yan'uwa in albashi ya shigo sai sabuwar waya ko turare, shi kuwa faifai yake saye. Ƙananan nan ne baƙaƙe na garmaho, waƙa ɗaya gaba ɗaya baya, na wasu samarin Turai da suka yi kiɗan da ake kira new wave a shekarun tamanin. Su fitar da faifai guda, a rasa mai saye, su watse kowa ya kama wata sana'a. Irin waɗannan yake farauta a intanet, in sun iso ya je ya karɓo su kamar mai tarbar alhaji.

A wajen yayansa marigayi ya gaji abin, mai gyaran rediyo ne a bakin tasha, wanda wani malamin makaranta Bature ya bar wa kwalin faifai guda. Tare da faifan ya gaji doka: ba a fara jin sabon faifai mutum shi kaɗai, sai an samu kunne na biyu, ko da na mai shayi ne. Yayan bai taɓa faɗin dalili ba, Garzali bai taɓa tambaya ba. Amma ya riƙe dokar nan fiye da yadda yake riƙe dokar hanya.

A Doha, kunnensa na biyu shi ne Mutala, mai gadi a unguwar Nu'aija, Bakatsine mai bakin tsiya. Duk Juma'a in an sauko masallaci zai zo, ya cinye shinkafar Garzali tas, ya miƙe ƙafa ya ce, "Yalla, mutumina, kunna mana injin markaɗen naka." Bai taɓa yabon faifai ko ɗaya ba, bai kuma taɓa tashi kafin waƙa ta ƙare ba. Da korona ta zo aka rufe masallatai, ziyara ta yanke, sai suka koma waya. Garzali ya jingina wayar a jikin sifika, Mutala yana ɗakin gadinsa yana saurare, in an gama ya ce, "Wannan matar ciwon haƙori take yi?" Wannan tsiyar ce ta riƙe Garzali a watannin da ba ya ganin fuskar kowa sai rabi saboda takunkumi.

Sai kwantiragin Mutala ya ƙare, ya koma gida. Bai daɗe da tafiya ba wani faifai ya iso daga Beljiyam, wanda Garzali ya jima yana nema. Ya kira Katsina. Mutala ya ce, "Kunna, ina ji," amma Garzali yana jiyo ƙarar babura da cinikin albasa a bayansa, layin yana tsinkewa. Ya janye allurar garmahon kafin ta taɓa faifan. Ya gwada Usaini, abokin aikinsa, ya ce ba lokaci. Ɗanbaba na ɗakin ƙasa ya ce, "Turo min a waya kawai." Faifan ya shekara a saman durowa, Garzali yana goge masa ƙura bai san abin da ke cikinsa ba. Abin yana cin sa, don kunya ce babba a ce ƙato kamarsa ya rasa mai zama da shi na tsawon waƙa ɗaya.

Da gasar kofin duniya ta zo, gari ya cika maƙil, ya ce yanzu kam an yi. Ya sa kwalin faifan a mota, duk fasinjan da ya ga alamar ɗan Beljiyam ne sai ya nuna masa. A unguwar Al Mirqab ya dace da wani dattijo mai jar riga. Mutumin ya juya kwalin, ya yi dariya, ya ce bai taɓa jin sunan mawaƙan ba, amma garin da aka rubuta a baya garin gwaggonsa ne. Ya ɗauki hoto da Garzali, ya yi alkawarin zuwa ranar Juma'a.

Garzali ya share ɗaki, ya sayo dabino, ya ari kujera. Ranar Alhamis aka fitar da Beljiyam daga gasar. Juma'a da azahar saƙo ya shigo, mutumin yana filin jirgi yana ba da haƙuri.

Ya daɗe zaune yana kallon kujerar. Can ya ce, "Yaya, ka yafe min. Khalas, shi ke nan." Ya ɗora faifan, ya sauke allura. Wata siririyar muryar namiji ta fito kan ganga mai sanyi, tana faɗin abin da ba ya fahimta, kuma wallahi da daɗi. Daɗin ne ma ya fi yi masa ciwo, don ba wanda zai juya ya kalla.

Waƙar ba ta kai rabi ba aka buga bangon katakon da ya raba ɗakinsa da na maƙwabci. Wani ɗan Nefal ne mai aikin dare, wanda ko sunansa Garzali bai sani ba. Ya sake bugawa da ƙarfi, ya yi ihu a rage sauti, mutane na barci.

Garzali ya kai hannu zai rage, sai ya tsaya. Ya matsa jikin bangon.

"Ɗan'uwa," ya ce, "kai ma kana ji?"