Ranar da Aka Sake Kiran Kwaɗi

Raelene Dunstan ba matsoraciya ba ce. Duk wanda ya yi firamare a unguwarsu ta kudancin Brisbane zai ba da wannan shaida, don ita ta riƙe kantin abincin makarantar shekara da shekaru, kuma harara ɗaya take yi ɗan da ya tsallake layi ya koma baya da kansa. Ta taɓa kashe maciji da shebur a bayan kicin, ta wanke hannu ta ci gaba da yanka biredi. Amma tun da ciwon mantuwa ya kama mijinta Nev, tsoro ya tare a gidanta. Da shi take kwana, da shi take tashi.

Ciwon kansa ta saba da shi. Abin da ke cinta shi ne ƙofa. Nev ya taɓa ficewa da rigar barci aka tsince shi a tashar bas, ya kuma sake yi, har sai da maƙwabta suka bazu nema. A karo na biyun ne 'yarsu Jodie ta zaunar da ita.

"Mama, mun yi magana da likita. In Baba ya sake ɓata, sai gidan kula da tsofaffi. Ba don ba na ƙaunarsa ba. Wata rana gawarsa za a kawo miki."

"Bakinki ya sari ɗanyen kashi," in ji Raelene.

Ta dai bi ta sun je sun ga gidan. Tsaf yake, ma'aikatan ba su da laifi, ƙofa kuma ba ta buɗuwa sai da lamba. A falo an jera tsofaffi ana kunna musu wani kiɗa mai sanyi kamar ana lallashin jariri. Raelene ta juya ta fito. Ta san Nev ba zai yi wata shida a wurin ba.

Sai ka san Kwaɗin Rake kafin ka gane dalilinta. Samari ne huɗu 'yan unguwa da suka kafa ƙungiyar kiɗan punk, kiɗan nan na hayaniya da bijirewa, a ƙarshen shekarun saba'in, kuma maganar gaskiya, ba wanda ya iya jita a cikinsu. Duka suke yi da ihu, waƙa ba ta kai minti biyu ta ƙare, su kama wata. Mu kuwa da muka taso a lokacin, ba mu taɓa jin abin da ya yi mana daɗi kamarsa ba. Gari ne da ko gashi ka tara sai an tare ka a hanya an tambaye ka gidan ubanka. A tsohon zauren 'yan dambe da ke kusa da kogi suke wasa, kuma da wuya a kai ƙarshe. Ana tsakiyar waƙa sai kiɗa ya yanke, fitilu su kama, 'yan sanda su shigo da kulake. Wanda ya fara hango su sai ya ɗaga murya: "Kwaɗi, a faɗa ruwa!" Nan kowa zai bi ƙofar gefe, ƙafa me na ci ban ba ki ba, sai ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa a bakin kogi. Can ake haɗuwa a ga wa ya tsira, wa aka kama.

A ƙarƙashin gadar nan Raelene ta fara ganin Nev. Ita tana da koren gashi da ta rina da kalar kek, shi yana da fasasshen leɓe da rigar fata da ya aro. Suka yi aure, ya samu aikin gyaran tarago, ta shiga kantin makaranta. Kwaɗin Rake suka fitar da faifai ɗaya tilo suka watse, mawaƙin ya koma gyaran famfo. An ce wanda ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Wataƙila haka ne, amma masoyan Kwaɗi ba su taɓa jin kunyar tuna bara ba. Faifan nan ya bi su Raelene duk gidan da suka koma. Yanzu Nev yakan tsaya yana kallon buta ya rasa sunanta, amma ka sa masa faifan, zai bi shi daga farko har ƙarshe, har tarin da mai ganga ya yi a tsakiya sai ya yi shi.

Stavros, tsohon abokin Nev mai shagon kifi, shi ya kawo labarin. Ya shigo yana haki da tumbinsa.

"Rae, Kwaɗi za su dawo. Wasa ɗaya, a tsohon zauren. Lahadi da rana."

"Da rana? Yaushe Kwaɗi suka fara fita da rana?"

"Mai ganga ba ya gani da dare. Mu ma wa zai kai ƙarfe tara ido biyu?" Ya juya ga Nev. "Mutumina, za ka iya tsalle ko sai an ɗaura maka gwiwa?"

Nev ya yi dariya, dariyar da Raelene ta daɗe ba ta ji ba.

Da Jodie ta ji, sai ta kira a waya. "Mama, taron jama'a, ga zafi, ga ƙara? Don Allah ki rufa mana asiri."

"Ni na haife ki, ba ke kika haife ni ba. Hannuna na kan bel ɗinsa, ko banɗaki tare za mu."

Ta faɗa da ƙarfi, ta ajiye wayar.

Lahadin ta zo da zafin Disamba, don a can lokacin bazara ke nan, irin mai ɗanko da ke nuna hadari na tafe. Zauren ya cika da furfura da sanƙo. Ga masu sanda, ga wadda aka turo a keke, kowa ya tono tsohuwar rigarsa ya matsa ciki ya shiga da ƙyar. Ana ta rungumar juna ana tsiya. "Kai, kana raye?" "Ina raye, kai ne aka ce ka tafi." Raelene ta tsaya bayan Nev, yatsunta a cikin bel ɗinsa, idonta na kan kowace ƙofa.

Da jita ta ɓarke, sai ta ji jikinsa ya miƙe. Kwaɗi ba su ƙara iya kiɗa ba ko kaɗan, Allah ya yi musu albarka. Nev ya ɗaga hannu, yana waƙar, yana ɗan tsalle a wuri ɗaya. Ya waiwayo ya dube ta, idonsa tar, ya ce, "Rae, kin ji? Kin ji su?" Hawaye ya zubo mata, ba ta ko share ba. A ranta ta ce, da ma Jodie na nan ta gani.

Ana tsakiyar wata waƙa wani dattijo a gaba ya sulale ƙasa, zafi ya kayar da shi. Mawaƙin ya ɗaga hannu, kiɗa ya yanke. Aka kunna fitilun zaure gaba ɗaya. Ma'aikatan agaji biyu cikin yunifom suka shigo da gadon ɗaukar mara lafiya suna neman hanya. Dattijon ya riga ya farfaɗo yana cewa a ƙyale shi. Sai Stavros, da giya a hannu, daɗi ya cika shi, ya ga abin ya yi daidai da na da, ya buɗe baki:

"Kwaɗi, a faɗa ruwa!"

Zauren ya ɗauki dariya. Wasu har da riƙe ciki. Raelene ma ta dara, kuma a daidai lokacin aka turo gadon tsakaninta da Nev, ta saki bel ɗin don su wuce.

Da gadon ya wuce, babu Nev.

Gabanta ya faɗi. Ta duba dama, ta duba hagu, duk bayan riguna baƙaƙe, duk kawuna farare. Ta kira sunansa, muryarta ta ɓace a cikin surutu. Sai ta hango ƙofar gefe tana lilo a hankali.

"Stav, ya fita." Ta damƙi hannunsa. "Kiran nan da ka yi, shi ya amsa."

Dariyar ta bushe a fuskar Stavros. "Wasa nake, Rae. Wallahi wasa nake."

"Shi bai sani ba."

A da, bayan ƙofar nan fili ne da ciyawa har kogi. Yanzu babban titi ne, motoci na zuba ba tsayawa. Raelene ta fito rana ta doke ta a fuska. Can gaba ta ji ƙarar birki da dogon hon. Ba ta ga taro ba, ba ta ga mutum a kwance ba, amma a tsakiyar titi, kan farin layi, ga takalmin Nev ƙafa ɗaya. Ita ta ɗaura masa igiyarsa da safe.

Ba ta san yadda ta tsallaka ba. Ta ji wani direba na zaginta, ta ji Stavros na kiranta a baya, ƙibarsa ta hana shi biyo ta. Gwiwarta ta hagu da likita ya ce ta lallaɓa tana sara, ita kuwa sai sauri take, takalmin a ƙirjinta. Gine-gine sun canza, lungun da ta sani an toshe shi da bango, dole ta zagaya. Sama ta fara duhu daga yamma, iska ta taso da warin laka. Duk taku sai ta ga abu ɗaya a idonta: rigar fata tana yawo a kan ruwa. Ta yi ta cewa, "Ya Allah, ba yau ba," ba ta ma san tana faɗa ba.

Gadar tana nan inda take. An kewaye gindinta da shingen waya, amma akwai inda yara suka yage. A jikin wayar ta ga ƙyallen riga. Ta sunkuya ta kutsa, waya ta karce mata kafaɗa.

Yana can ƙasa a kan duwatsu, ya lafe a jikin ginshiƙi, ƙafa ɗaya da safa. Ruwa ya fara cikowa, yana lasar dutsen da ke ƙasa da nasa. Duwatsun kore ne, santsi kamar an shafa sabulu. Raelene ta so ta ƙwala masa kira, ta haɗiye, don in ya firgita ya zabura, shi ke nan. Ta zauna ta sauka da mazaunai, dutse bayan dutse, har ta iso kusa da shi.

"Nev," ta ce a hankali.

Ya juyo. Fuskarsa cike da tsoro, kuma ba ta ga kanta a cikin idonsa ba.

"Baiwar Allah, yi ƙasa da murya, suna sama." Ya leƙa ta bayanta. "Daga zauren kike? Ba ki ga wata yarinya ba, mai koren gashi? 'Yar siririya, bakinta ba ya shiru."

Duk tsawon ciwon nan, ya manta sunan titi, ya manta Jodie sau da yawa, amma ita bai taɓa manta ta ba sai yau. Raelene ta ji abin ya soke ta har ƙashi. Ba ta da lokacin kuka, ruwa ya taɓa safarsa.

"Na gan ta," ta ce.

"Sun kama ta?"

"Ba su kama ta ba. Ta fita."

"Ba su dake ta ba? Ba ta iya yin shiru, shi ne tsorona. Za ta faɗa musu magana."

"Ko taɓa ta ba su yi ba. Taso mu hau, ruwa na zuwa."

Ya girgiza kai ya ƙara manne wa ginshiƙin. "Ba a tafiya sai kowa ya iso. In ta zo ba ta same ni ba fa?"

Jirgi ya bi ta kansu, gadar ta yi ta girgiza, Nev ya rufe kai da hannu biyu. Aka fara yayyafi. Raelene ta jira ƙarar ta wuce, sannan ta matso ta ɗora tafinta a gwiwarsa.

"Ita ta aiko ni. Ta ce kada ka jira ta a nan, ka bi ni."

Ya daɗe yana dubanta. "Haka ta ce?"

"Ta ce in ka yi gardama in ja kunnenka."

Ya ɗan murmusa. "Ita ce."

Ta sa masa takalmin ta ɗaure. Suka hau, yana gaba tana tura shi, sau ɗaya ƙafarsa ta zame numfashinta ya tsaya, har suka kai shingen. Stavros na tsaye a wajen, jiƙe da gumi, yana kuka kamar ƙaramin yaro. Ya ɗaga musu wayar suka fito. Ya buɗe baki zai yi magana, Raelene ta ce, "Bari, Stav. Ba kai kaɗai ka yi dariya ba."

Suka zauna a benci ƙarƙashin rumfa, ruwan sama ya sauko sosai. Ba wanda ya gani sai su uku. Stavros ba zai faɗa ba ko za a yanka shi, Nev kuwa kafin dare ya manta. Raelene ta san in ta so, Jodie ba za ta taɓa jin labarin ba. Ta dubi babban titin, ta dubi kogin da ya riga ya shanye dutsen da suka zauna a kai. Ta ciro wayarta ta kira Jodie.

"Mama, lafiya? An tashi?"

"Zo ki ɗauke mu a gindin gadar jirgi. Babanki na nan, lafiyarsa lau." Ta dubi Nev, sannan ta ƙarasa. "Gobe ki kira mutanen gidan nan. Ki ce musu ɗakin da za su ba shi, a yarda ya riƙa jin faifansa da ƙarfi."

Nev ya taɓa hannunta a hankali, irin taɓawar da ake yi wa baƙuwa.

"Baiwar Allah, inda za mu ɗin, tana can?"

"Za ta riƙa zuwa kullum," in ji Raelene.